Sallar da Na Gwada Kunkuru a Kwata

Kun zo kun cika mini benci kuna nuna mini bidiyo. To, na gani. Yaro ya hau kan tebur ya saki na'ura ƙasa, ya ɗauke ta ya jefa a bokiti, ya tsamo, ta kawo wuta, ya daka tsalle yana ihu wai ta ci jarrabawa. Madalla. Shi ne ku ma kuka ce wannan sana'ar kuke so, tunda ba ta buƙatar komai sai bokiti da waya mai kyamara. Haba jama'a! Ku gyara zama in ba ku labari. Kai mai jar hula, sauke ƙafarka daga kan kwalin nan, akwai kayan mutane a ciki.

Sunana Sa'idu, amma daga Anaca zuwa Inugu har nan Fatakwal ba wanda zai gane wa ake nufi sai an ce Sa'idu Mai Gwaji. Abin da nake gwadawa kwamfutocin hannu ne, irin masu kaurin nan da aka naɗe da baƙar roba, waɗanda ake ƙerawa domin masu aikin ƙarfi. Da su ake karɓar oda, da su ake fitar da rasit, kuma suna da wani jan ido a ka da ke karanta zanen layi-layin da ke jikin kwali. Mu Hausawan kudu kunkuru muke ce musu, saboda ƙoƙon bayansu da nauyinsu. Aikina shi ne in karɓi kunkuru sabo, in wahalar da shi kamar yadda mai shi zai wahalar da shi, sannan in fito in gaya wa mutane ko su saya ko kada su saya.

Baro na fara turawa a kasuwar Head Bridge da ke Anaca, ina ɗaukar buhunan wake da albasa daga bakin mota zuwa sito. A gefen masallacin Hausawa akwai wani dattijo mai gyaran waya a ƙarƙashin lema, Malam Iliya, Allah ya jiƙansa. Idan rana ta yi zafi nakan fake a inuwarsa, ina kallon hannunsa, har wata rana ya ce mini in dai zan tare masa iska to gara in riƙe masa fitila. Haka na shiga sana'a, ba wata yarjejeniya, ba komai.

Kunkurun farko da na taɓa riƙewa wani mai siton wake ne ya kawo shi, ransa a ɓace. Ya saya da tsada saboda an rubuta a kwali cewa ƙura ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, faɗuwa ba ta yi masa komai. Bai yi wata ba maɓallansa suka ƙi dannuwa. Malam Iliya ya kwance shi a kan farar takarda, ya karkaɗe, sai ga garin ƙurar wake ya zubo kamar an tankaɗe shi. Ya dubi mutumin ya ce, "Alhaji, wanda ya rubuta kwalin nan bai taɓa shiga sitonka ba. Gobe in za ka sayi wani, ka fara kawo mini in yi masa tambayoyi." Daga wannan rana 'yan kasuwa suka fara kawo kunkuru kafin su saya, daga baya masu shigo da kayan da kansu suka riƙa aiko da ɗaya daga kowane sabon kaya, domin sun gane in Malam Iliya bai yi magana ba kayan zai kwana a shago.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini. Ga su nan har yau, ku duba bayanku. Faffaɗan kankare ɗaya, katako ɗaya, buta, bokiti, kwanon garin rogo, mitar awon wuta, gilashin ƙara girma, da ƙananan sukundireba a cikin gwangwanin madara. Kuna dariya ko? Ai ba kayan ne aikin ba.

Ɗauki faɗuwa misali. Ku kuna saki sau ɗaya daga sama, kuna so ya yi ƙara a bidiyo. Malam Iliya ba ya fara sakin abu sai ya tambayi wa zai riƙe shi. In ɗan dako ne, daga tsayin bayan mota zai faɗo. In mai shago ne, daga kan kanta. Sannan a sake shi ta fuska, a sake shi ta baya, a sake shi ta kowane gefe, a bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, domin kunkuru ta kusurwa yake mutuwa. A fara a kan katako, a koma kan kankare. Bayan kowace faɗuwa sai ka ɗauka ka kunna, ka danna kowane maɓalli, ka gwada jan idon, ka kai shi kunne ka girgiza ka ji ko wani abu ya kwance a ciki. Wuni guda muke yi a kan faɗuwa kaɗai, kuma in na yi gaggawa Malam ya daka mini tsawa a dawo farko.

Akwai faɗuwar da ba Baturen da ya san da ita, ita ce ta aljihun gaba. Bahaushe a nan yake sa abinsa. Ya tsuguna alwala, ya sunkuya wanke ƙafa, sululu, kunkuru ya zame ya faɗa cikin kwatamin alwala, ruwa da yashi da komai. Ko ya yi ruku'u abin ya faɗo da ka a kan siminti. Malam Iliya yakan sa ni in sa doguwar riga, in jefa kunkuru a aljihu, in yi ta sunkuyawa a bakin kwatami mutane suna wucewa suna kallona kamar wanda ya taɓu. Kunkuru da yawa da suka tsallake kankare a wannan kwatamin suka ga ta kansu.

Ruwa kuma, ba bokiti ne gwaji ba. Ruwan bokiti a kwance yake, mai sanyi, mai tsabta. Ruwan Anaca daga sama yake zuwa da iska, yana dukan abu ta gefe. Buta muke ɗagawa sama mu tsiyaya masa ta kowace kafa, mu bar shi a kan rufi in hadari ya taso. Kafin nan mun buɗe murfin batir mun saka 'yar farar takarda mai laushi, mun mayar. Kuma ba ranar ake yanke hukunci ba. Kunkurun da ya sha ruwa yau zai iya kawo wuta lafiya lau, ya yaudare ka. Sai bayan kwanaki za ka buɗe ka ga takarda ta yi laushi, ƙafafun ƙarfe sun fara kore. Wannan jiran ne ba ya shiga bidiyo.

Sai rana. Ka fita da shi tsakiyar kasuwa da azahar ka gani ko rubutun fuskarsa zai karantu ba tare da ka yi masa rumfa da hannu ba. Sai batir, ka cika shi da asuba ka yi ta aiki da shi ka ga ko zai kai ka la'asar. Sai jiƙaƙƙen hannu, sai hannu mai gumi, sai ka tura shi cikin kwanon garin rogo ka jujjuya.

Wani aiki da ba na mantawa a Inugu na yi shi. Dillalan shanu na can suna son wani kunkuru da ya ci duk jarrabawarmu a Anaca. Malam Iliya ya ce bai gamsu ba, mutanen nan rayuwarsu a kan hanya take. Ya tura ni da shi. Na roƙi wani direban tirela ya bar ni na ɗaure shi da roba a jikin katakon bayan mota, can inda shanu suke, muka kamo hanyar Fatakwal. Ramukan hanyar nan a lokacin, wayyo Allah! Ni kaina da na sauka sai da na ji ƙasusuwana suna magana. Na kwance kunkuru na kai kunne, na ji wani abu yana ƙyal-ƙyal a ciki. Sukuru ne guda ya warware yana yawo a kan allon wuta. Da na koma na nuna wa Malam, bai ce mini sannu ba, cewa ya yi in je in ci abinci ya biya. A wurinsa wannan babban yabo ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne hannun mutane. In mun gama namu, sai mu ba wani mai sito kunkurun, shi kuma ya miƙa wa ma'aikatansa su yi aiki da shi na 'yan makonni. Ma'aikaci kuwa kun san yadda yake da kayan oga. A jefa a kan buhu, a zauna a kai, a buɗe kwalbar lemo da shi. In ya dawo da rai, to ranar Juma'a bayan an sauko Malam Iliya zai zauna a bencinsa ya faɗi abin da ya gani, mai kyau da marar kyau. Kafin magariba maganar ta kai Inugu. Kai, zamani ya yi daɗi. Mutum ya yi magana a ƙarƙashin lema, a ji ta a garuruwa uku.

Da Malam ya tsufa ya koma gida, ni kuma na dawo nan unguwar Mile 3 na buɗe wannan shagon. Sai na riƙa yin bayanin a saƙon murya, ana turawa daga waya zuwa waya. Shekaru masu albarka na yi a haka. Ban yi kuɗi ba, amma ban taɓa rasa aiki ba, kuma in na bi ta kasuwa ana tashi a gaishe ni.

Sai mugunyar shekara ta zo. Masu bidiyo suka fito kamar fara. Mai shigo da kaya ya ba yaro kunkuru da safe, da yamma duniya ta gani ana dukansa da guduma. Ni kuwa in ka ba ni sai ka jira wata guda, kuma ba lallai in faɗi abin da kake so ba. Ɗaya bayan ɗaya suka daina aiko mini. Akwai wani mai shigo da kaya, Oga Chidi, da muka daɗe tare, na je har shagonsa na tambaye shi lafiya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mallam, you too dey slow." Wato na cika jan jiki. Bai faɗa da wulaƙanci ba, shi ya sa ma ta fi yi mini zafi. Damina ta shigo ban riƙe sabon kunkuru ko ɗaya ba, na koma canza gilasan waya da gyaran bakin caji kamar ranar da na fara.

A cikin wannan hali ne Sarkin Fawa na kwatar Trans-Amadi, Alhaji Buba, ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfarsa, muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, muka taɓa batun ruwa. Sannan ya ce otal-otal da kamfanonin da mahauta ke kai wa nama sun ce daga bayan Babbar Sallah ba za su ƙara karɓar rasit na hannu ba, sai na na'ura. Dole kowane babban mahauci ya mallaki kunkuru. Akwai wani sabo da Oga Chidi ya shigo da shi, masu bidiyo sun yi ta yabonsa, samarin kwata sun matsa a je a kwaso.

"Na ce musu ba wanda zai saya sai Malam Sa'idu ya yi magana," in ji shi. "Sun ce kai tsohon yayi ne. Na ce na ji, amma a jira. Juma'ar ƙarshe kafin Sallah nake so ka zo nan ka faɗa mana. In ka wuce ranar, ba zan iya riƙe su ba, kuma ba zan ƙara iya cewa a jira ka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda zan zo."

Na fito daga rumfar. Dattijo ya ɗora girmansa a kan sunana, ni kuwa ko kunkurun ba ni da shi. Na koma wurin Oga Chidi, ya ce ba shi da na bayarwa, sai na sayarwa. Na dawo na kalli shagon nan sama da ƙasa, ban ga abin da zai kai kuɗin ba sai janareta. Na sayar da shi. Mai gyaran waya ba janareta a Fatakwal, ku da kanku kun san me wannan ke nufi.

Na yi masa duk abin da na iya. Kankare, katako, buta, garin rogo, kwatamin alwala, rana, rufi. Ko gezau. Na buɗe bayan kwanaki, takarda a bushe ƙamas. Saura hannun mutane, kuma kwata ba sito ba ce. Can jini ne da kitse da ruwan zafi da hayaƙin babbaka, abubuwan da ba ni da su a shago.

Ina da amini a kwatar, Ɗan'azumi, mahauci ne mutumin kirki, mun fi shekara goma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Shi na kai wa. Na ce masa, "Ga shi, ka riƙe mini, ka yi aiki da shi mako uku. Ka ga janaretan shagona na sayar na saye shi, ba ni da wani." Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Kada ka damu, Malam Sa'idu. Ai ka kawo inda ya dace."

Na koma shago na yi ta jira a cikin duhu da zafi. Da lokaci ya cika na tafi karɓa. Ɗan'azumi ya wanke hannu, ya goge a riga, ya shiga 'yar bukkarsa ya fito da shi. Na juya shi gaba da baya. Ko ɗigon jini babu. Ko ƙwarzane babu. Na kai hanci, ƙamshin sabuwar roba yake yi. Da farko har na fara mamakin irin ƙirar da ba ta kama datti. Sai na kunna, na ga batir yana nan kusan inda na bar shi.

"Ɗan'azumi, a ina abin nan ya kwana?"

Ya washe baki, yana jiran yabo. "A leda na sa shi, na naɗe da tsohon rawani, na sa a akwatin ƙarfe na kulle. Ko ƙuda bai sauka a kai ba. Yaran nan sun yi sun yi in ba su su taɓa, na ce wallahi ba mai taɓa amanar Malam Sa'idu."

Inna lillahi! Na zauna a kan turmi ban san na zauna ba.

"Cewa na yi ka yi aiki da shi!"

"Aiki? A nan? Cikin wannan ƙazanta?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Mutum ya sayar da janaretansa ya kawo mini abu, in sa hannu mai kitse in dama? Me zan ce maka in ya lalace? Me zan ce wa Allah?"

"To ai lalacewar nake nema, bawan Allah!"

"Ka nema a hannun wani, ba nawa ba."

Na so in yi masa faɗa, na fasa. Mutum ya riƙe maka amana, ka ce masa me? A Anaca ta hannun oga muke bayarwa, ma'aikaci bai san mu ba, bai san abin da muka sayar ba. Nan kuwa duk kwatar an san labarin janareta. Na ce to a ba wani, Ɗan'azumi ya yi dariya ya ce duk wanda na ba a nan akwati zai nema, wasu ma gida za su kai wa matansu su ɓoye. Na ce to na ba shi kyauta, nasa ne halak malak. Ya ce kyautar amini ai ta fi amana tsada, sai dai ya rataye a ɗaki.

Saura kwana goma sha wani abu Juma'ar. Ina iya zuwa in ce ya ci jarrabawa, ba wanda zai sani, tunda ya ci na shago. Amma kwata ce za ta riƙe shi, ni kuwa ban ga abin da kwata za ta yi masa ba. Na daɗe a kan turmin nan ina kallon masu fiɗa. Daga ƙarshe na ce, "Ɗan'azumi, kana da rigar leda da takalmin ruwa da za su shige ni?"

Washegari da asuba na fara. Ni da furfurata, ni da ake cewa Malam. Ɗan'azumi ya ce ba zai ba ni wuƙa ba kada in yanke yatsun da nake ci da su, sai ya sa ni a wankin kayan ciki da ɗaukar nama zuwa sikeli. Kunkuru yana aljihun gaba. Duk odar da ta shigo wa Ɗan'azumi ni nake dannawa, da hannun da na gama juye tumbi, ba na gogewa. Samarin kwata suka samu abin dariya. "Malam Mai Gwaji, yau hanji ake gwadawa?" "Malam, a kawo maka sukundireba?" Na ce su yi ta yi, ranar da suka kawo mini waya gyara za mu haɗu.

Ku da kuke ganin tsire a faranti ba ku san kwata ba. Ƙasa santsi, jini yana bin ƙafa, ruwan sama yana zuba ta ɓular rufi, hayaƙin babbakar ganda yana shiga ido. Rana ta farko na zame da kwandon hanji a ka, na zauna daɓas, kunkuru ya yi tsalle ya faɗa cikin magudanar jini. Na laluba na tsamo shi, na danna, ya amsa. Bayana kuwa bai amsa ba sai da Ɗan'azumi ya murza mini man zafi. In an tashi aiki mahauta da ruwan zafi suke wanke komai, wuƙa da tebur da sikeli, don shi ke narkar da kitse. Na san haka za su yi wa kunkuru ranar da ya zama nasu, saboda haka nima na riƙa kwara masa. Ruwan zafi kuwa shi ne babban maƙiyin robar da ke toshe kafofi. Kowace yamma in dawo shago in buɗe murfi a bakin ƙofa, inda akwai haske, in duba takarda.

Ba zan ɓoye muku ba, so nake ya mutu. Wallahi so nake. In ya mutu, zan tsaya gaban jama'a in ɗaga gawarsa in ce ga abin da masu guduma suka ce ku saya. Kowace yamma ina buɗewa da fata, kowace yamma takarda a bushe. Hannuwana suka tsattsage, ƙarnin kitse ya kama ni har mutanen sahu suna ɗan matsawa a masallaci, shi kuwa ɗan banzan kunkurun nan ko tari bai yi ba. Abu ɗaya na samu. In kitse ya daskare a gilashin, ba ya jin yatsa, sai ka koma maɓallan gefe ko ka goge da tsumma mai ɗumi. Sai kuma 'yar robar da ke rufe bakin caji, tana da taurin buɗewa, na san mahauci mai gaggawa zai sa wuƙa ya yanke ta ya huta.

Ranar Alhamis muna wanke tebur Ɗan'azumi ya matso ya rage murya. "Malam, batun gilashin nan, ka ɗan ƙara masa gishiri mana. Ka ce ba ya aiki a kwata. Kowa ya ga wahalar da ka sha, ba mai musa maka. In ka ce yaran nan masu bidiyo sun yi daidai, to wa zai ƙara nemanka?"

Na ce, "Kai da ka kulle shi a akwati don kada ka ci amanata, kai ne kake cewa in ci ta mutum ɗari?"

Ya ci gaba da goge tebur.

Juma'a bayan an sauko, rumfar Sarkin Fawa ta cika har waje. Manyan mahauta a kan benci, samari a tsaye a baya. Na miƙe da kunkuru a hannu, robarsa ta yi baƙi ƙirin da maiƙo, kusurwa ɗaya ta ɗan daddauje, jini ya bushe a tsagin maɓallai. Na faɗi abin da na yi masa a shago, na faɗi abin da na yi masa a kwata. Na faɗi batun kitse a gilashi. Na roƙe su don Allah kada kowa ya yanke robar bakin caji, in ta tafi ruwa ya samu ƙofa. Na ce abin da na sani na 'yan makonni ne, na shekara Allah ne ya sani. Sannan na ce, "Kayan yana da kyau. Ku saya."

Wani saurayi daga baya ya ɗaga murya. "To ai abin da masu bidiyo suka faɗa ke nan tun watan jiya! Duk wannan jiran na mene ne?"

Aka kwashe da dariya. Na tsaya a wurin, kunya ta rufe ni. Gaskiya ya faɗa.

Alhaji Buba bai yi dariya ba. Ya jira har aka yi tsit, sannan ya miƙo hannu. Na ɗauka kunkurun yake so, na miƙa masa. Sai ya kama wuyan hannuna da ba ya riƙe da komai ya juya tafin sama, ya ɗaga yadda na baya za su gani, duk tsagar da ruwan zafi da kitse suka yi. Ya daɗe bai saki ba.

"Gobe kowa ya je ya sayi nasa," in ji shi. "Ni ba zan je ba."

Ya zare kunkurun daga ɗaya hannun nawa. Ɗan'azumi ya yi sauri ya kawo tsumma zai goge masa, ya ɗaga masa hannu ya hana.

"Malam Sa'idu, wannan nake so. Ka faɗi kuɗin sabo, a ba ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya sha wuya. Ga sababbi can a kwali."

"Na sani," ya ce. "Waɗancan ban san su ba."

Ya buɗe aljihun gaban farar rigarsa ta Juma'a, ya jefa shi ciki da maiƙonsa da jininsa, ya ce a yi addu'a a tashi.